Ludayin Inna da ruwan khal

Ina haɗa kwaɗon zogale, waya ta ce in zuba ruwan khal giram talatin, ni kuwa ba ni da sikeli. Na yi tsaki. "Giram talatin cokali nawa ne kuma?"

Kakata, wadda tsufa ya mantar da ita sunayenmu, ta ɗago daga tabarma.

"In tsami ne, ɗauko ƙaramin ludayin Innata. Kada ki cika shi."

Da ludayin nan aka kai mahaifiyarta ɗakin miji a Gagarawa, farkon zuwan Turawa.

Na auna da shi. Kakata ta ɗanɗana kwaɗon, ta riƙe hannuna. "Inna, kin dawo?"

Na ce, "Na dawo."

Don Allah, da ku ne, me za ku ce mata?