Sunan Malam Birki a Jikin Dutse

Malam Birki direba ne a sashen nazarin tsirrai na jami'a, kuma babu ma'aikacin da ya kai shi daɗewa a wurin. Ya zo yana saurayi daga tuƙin motar haya, da lasisinsa a naɗe cikin leda. Yanzu furfura ta cinye gemunsa, gwiwarsa ta hagu tana yi masa tsiya in ya daɗe a zaune, amma har yau shi ke fara isowa da safe, ya duba ruwa da mai, ya goge gilashi kafin masu shara su gama.

Wani Farfesa na sashen, marigayi yanzu, shi ne silar wannan suna. Farfesa ya ƙare rayuwarsa kan abin da a sashen ake kira gansakukar dutse, wato tabo-tabon nan da ke manne wa duwatsu da ɓawon itatuwa, wani toka-toka, wani rawaya, wanda yawancin mutane ke ɗauka datti ne. Masana sun ce abu ne mai rai, funfuna da gansakuka ne suka haɗu suna zaman tare. In sun fita aiki Farfesa yakan zauna a gaba, ido a taga, da ya hango dutse mai tabo sai ya ce, "Birki." Bai taɓa waiwayawa ya ga ko akwai babbar mota a bayansu ba. A haka har ɗalibai suka manta sunan direban na gaskiya.

Wata rana mota ta yi zafi a wata hanyar daji, suka tsaya ta huce. Direba ya zagaya bayan wani dutse neman inuwa, sai ya ga wani tabo rawaya mai baƙin baki, irin wanda bai taɓa ganin Farfesa ya ɗiba ya sa a ambulan ba. Ya kira Farfesa. Farfesa ya durƙusa da ɗan madubinsa, bai tashi ba sai da wandonsa ya yi buɗu-buɗu. Bayan wasu shekaru ya sanar cewa sabon iri ne, ya raɗa masa sunan Birki, ya maƙala masa 'yar wutsiya irin ta harshen masana.

Abin ya zauna wa Malam Birki a rai fiye da yadda kowa ya zata. Shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Sun riƙe 'ya'yan ƙaninsa, sun girma, sun koma gidan ubansu. Ba ya yawan zancen tabon a wurin aiki, amma a gida matarsa takan tsokane shi in ta ga ya yi shiru, ta ce, "Malam, tunanin ɗanka na dutse kake yi? Ka kwantar da hankalinka, ba ya neman kuɗin makaranta."

Bayan rasuwar Farfesa, ɗaya daga cikin ɗalibansa ta dawo daga ƙarin karatu ta gaji ofishinsa. Kowa na ce mata Dakta. Malam Birki kuwa ya san ta tun tana ɗaliba mai jiri a mota, wadda yake ajiye wa kujerar gaba da lemon tsami. Ita ce ta same shi a ƙarƙashin bishiyar da yake ajiye mota, ta gaishe shi, ta zauna a gefen benci.

"Baba, wata magana ce, kuma na fi so ka ji ta daga bakina."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. A zamanin Farfesa da ido da madubi ake rarrabe iri, amma launi da siffa suna iya canzawa saboda rana ko irin dutsen. Yanzu akwai gwajin ƙwayar halitta, wanda ke nuna wane ne ɗan'uwan wane. Tana bin duk tabon da ke sashen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke cikin ambulan ɗin Farfesa ya tsufa, gwaji ya ƙi karanta shi, sai an samo sabo daga ainihin dutsen. An kuma sake hanyar, bishiyar da Farfesa ya kwatanta wurin da ita babu ita, kuma a duniya saura mutum ɗaya da ya je wurin.

"In gwajin ya ce ɗan'uwan wani ne fa?" ya tambaya.

"In ya ce iri ɗaya ne da wanda aka riga aka sani, tsohon sunan ne zai tsaya. Naka zai sauka."

"Wato ni zan tuƙa ki ki je ki sauke ni."

"Haka ne, Baba. Kana iya cewa ka manta, ba wanda zai ga laifinka."

Da yamma ya gaya wa matarsa tana ninke wanki. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Kai da ka san ramin kowace hanya, wa zai yarda ka manta? Ni dai abin da na sani, ba ka iya ƙarya ba. Kunnuwanka ke fara tona ka."

Suka kama hanya da safe. Inda da daji ne, yanzu rumfuna ne da wurin fasa dutse, ƙura ta rufe ganyaye. Da suka wuce wata gada sai ga wani dutse a hannun dama, da tabo rawaya a jikinsa, ana hango shi daga mota. Dakta ta miƙe zaune, ta fara laluben jakarta. Malam Birki ya san ba shi ba ne. Ya kuma san in ta ɗebo daga nan gwajin zai rikice, magana za ta koma aljihun tebur, wataƙila har ya bar duniya. Ya rage gudu, motar ta kusa tsayawa. Ya tuna Farfesa bai taɓa rubuta abin da bai gani ba, ko da rana ta yi zafi kowa na son komawa gida.

"Ba nan ba ne, 'yata," ya ce. "Yana gaba, bayan wancan tudun. Sai mun taka."

Suka taka, yana ɗingishi tana riƙe da 'yar gudumar ɗiban tabo. Tabon yana nan a bayan dutsen, ya ɗan faɗaɗa. Shi ya riƙe mata ambulan har ta gama ɓamɓarowa.

Sakamako bai zo da wuri ba. Ranar da ya zo, ba ta aiko masinja ba, da kanta ta sauko ta kira shi ofis, ta ja masa kujera gaban kwamfuta. A fuskar kwamfutar akwai zane kamar reshen bishiya, kowane tsinke da rubutu a bakinsa. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Ga naka. Ga kuma waɗanda yake tare da su. Iri ɗaya ne, Baba. Farfesa bai yi ganganci ba, abin da ido zai iya gani ya gani. Amma sunan ya sauka. Za a riƙa rubuta shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, don a san an taɓa kiran sa haka."

Ya cire hularsa, ya shafa kai, ya mayar. Abin ya yi masa zafi, kuma bai ɓoye ba.

"Na ji ba daɗi," ya ce. "Amma na gode. Farfesa ya ɗauki direba ya sa a littafi, na yi shekaru ina jin daɗin abin, ba wanda zai karɓe wannan. Ke kuma ba ki yi mini rufa-rufa kamar ƙaramin yaro ba. Allah ya yi miki albarka."

Ta fara gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Shi kuwa ya matso da kujera, ya ƙura wa zanen ido, ya ce ta karanta masa inda aka samo sauran. Ta bi su da yatsa: wannan daga bakin teku, wannan daga dutsen da ƙanƙara ke rufewa, wannan daga katangar wata tsohuwar maƙabarta a wata ƙasa mai nisa.

"Duk waɗannan wuraren, wani ne ya kai masu binciken?"

"Dole. Wasu da mota, wasu da kwale-kwale."

"Su ma ana sa su tsayawa a tsakiyar hanya babu gargaɗi?"

Dakta ta yi dariya ta ce ba ta raba ɗaya biyu.

"To in kina rubuta musu," ya ce yana dafa tebur zai tashi, "ki ce direbanku yana gaida direbobinsu."