Leda Cikin Leda

Kafin ta gaisa da mutum, sai ta goga tafin hannunta a jikin riga don ya ɗan yi ɗumi. Ba kowa ke lura ba. Hannun nan kullum a sanyaye yake, shi ya sa a asibitin ake ce mata Anti Ƙanƙara. Mahaifiyarta ma takan ce wa maƙwabta 'yarta ta sha doguwar boko ta ƙare a gadin firji.

Aikinta adana ɓargo. Idan za a yi wa mai ciwon daji maganin nan mai ƙarfi da ke ƙone ɓargon ƙashi, sai a fara ɗebo ƙwayoyin ɓargonsa a kawo mata. Ita za ta tace su, ta ɗiga musu maganin da ke hana sanyi fasa su, ta daskarar da su sannu a hankali, ta sauke su cikin tanki mai hayaƙin sanyi har ranar da za a mayar wa mai su. Tana da wata ɗabi'a: kowace ledar ɓargo sai ta zura ta cikin wata ta liƙe. Abokin aikinta yakan tsokane ta, wai ko jariri ba a yi masa wannan naɗin.

Akwai wani direban bas da aka sha wuya kafin a samu leda ɗaya tak a jikinsa. Magani ya riga ya share ɓargonsa. In ledar nan ta lalace, jikinsa ba zai ƙara yin jini ba. Ranar mayar masa, ta turo tankin har bakin gadonsa, ta tsoma ledar cikin ruwan ɗumi. Sai ta ji ƙas. Ledar cikin ta tsage.

Yayarsa ta miƙe daga kujera. “'Yar nan, lafiya?”

“Zauna, Yaya. Ba abin da ya zube.”

Ta ɗaga ledar a haske. Jan ruwan na nan cikin ta wajen, ko ɗigo bai fita ba. Ta sanar da likita, ta zuƙe shi da sirinji, ta rage kaɗan na gwaji, nas ta ɗaura masa sauran.

Ba a jima ba ɗakin ya ɗauki warin tafarnuwa, don ta numfashi maganin daskarewar ke fita. Yayar ta tambaya wa ke girki a asibiti. Direban ya ce a da kan warin fetur take yi masa ƙorafi, yanzu ga sabo ta samu.

Daga baya jininsa ya dawo. Ranar dai, Anti Ƙanƙara ta mayar da tankinta, ta haɗa shayi, ta zauna ta rungume kofin da hannu biyu.