Ranar da Aka Wanke Muryar Iya

Har yau in na ji wani ya ce "a yi mata format kawai", wato a goge duk abin da ke cikin kwamfuta, sai in ji raina ya ɓaci.

Da na gama koyon rubuta manhaja na dawo Garwa, abu ɗaya na sa a gaba, in tattara asalin gidanmu. Kakanninmu fatake ne daga Kano, kuma mutum ɗaya tak ta rage da ta san wa ya haifi wa, wa ya kafa shagon atamfa a Mayo-Oulo, wa ya bi shanu wajen Tcholliré bai dawo ba. Ita ce kakata, Iya. Wata huɗu ina zama gabanta bayan la'asar ina naɗar muryarta. Na haɗa 'yar manhajar da in ka taɓa sunan mutum, sai iyayensa da 'ya'yansa su fito, ka ji Iya tana ba da labarinsa, har da zagin waɗanda ba ta ƙauna. Na gama ba da jimawa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta.

To, a gidanmu babu "nawa". Babur na gida ne, ƙarfen guga na gida ne, kwamfutata ma ta gida ce muddin babban wana ne ya miƙo hannu. Na tafi biki Marwa kwana uku. Yaya ya ɗauke ta zai buga wata takarda, ya ga tana nawa, ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa. Ina dawowa ya tare ni da fara'a.

"Na sa an wanke miki ita tas. Yanzu gudu take kamar me!"

Na buɗe. Wayam. Sai hoton wani tsauni a fuskar allo.

Ko mayafi ban gyara ba na hau babur zuwa kasuwa. Mai gyaran nan maganinsa ɗaya ne ga kowane ciwo: na'ura ta yi nawa, a goge, ta yi zafi, a goge.

"Malam, ka tambayi mai ita kafin ka goge?"

"Ai Alhajin da ya kawo ta ya ce babu komai a ciki sai surutun tsohuwa."

Surutun tsohuwa! Wallahi da ba a idon jama'a ba ne, da na kifar masa da teburin nan. A gida kuma da na ɗaga murya, mahaifiyata ta ce, "Ke, wanki ne fa. Alheri ya yi niyya." Wato ni ce ma zan ba da haƙuri.

Amma wadda na fi jin haushi ita ce ni. Na yi kwafi, ƙwarai kuwa. Ina na ajiye shi? A wani ɓangare na faifan kwamfutar, shi ma mai gyara ya haɗa ya share, wai don ta sami fili. Ɗan kilen ajiya, wato filash, da na saya musamman don wannan aiki yana cikin jakata, ko ledarsa ban yage ba. Ni da nake yi wa mutane wa'azin ajiye kwafi a wuri dabam!

Kwana biyu ina bin faifan da manhajar tono abin da aka goge, ana ɗauke wuta ina sakewa. Sabon tsarin da mai gyaran ya ɗora ya riga ya danne kusan komai. Guntu ɗaya na samu da ake iya ji: Iya ta yi tari, ta ce, "Ina muka tsaya?"

Na ɗauki waya na shiga ɗakinta, na durƙusa, na ce, "Iya, mu sake daga farko. Wa ya fara zuwa daga Kano?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kama hannuna da hannunta mai lafiyar, ta ce, "Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?"