Ranar da Lawali ya mai da ni ɓarawon gero

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar taubashina, Lawali mai hoto. In na ga samari a tashar Tasawa suna ɗaukar juna da waya, sai in tuna tsohuwar kamararsa, wadda wani Bature malamin lakwal, wato makarantar boko, ya bar masa da zai koma gida.

Zamanin soja ne, ga fari. Rumbuna sun zama wayam, tiyar gero kullum sai ta ƙara tsada. Kowa ya san akwai masu ɓoye hatsi, amma ba mai faɗa a fili. Lawali ya ce zai yi ɗan gajeren fim a kansu: attajiri ya ɓoye buhuna, ya kashe mai gadin da ya gano shi, wani tsohon jandarma yana bin sawunsa. Baƙi da fari ne, ba murya, don iyakar abin da kamarar ta iya ke nan. Fitila ma babu. Zana yake kafawa, rana ta ratso ta, inuwa ta sauka a fuskar mutum layi-layi kamar yana kurkuku.

Sai dai ba wanda ya yarda ya fito a attajirin. A garinmu, wanda aka gani yana sata a jikin bango, ɓarawo ne har jikokinsa. Ni kuwa hatsi nake saye da sayarwa, sunana ne jarina.

"Sani, kai za ka yi," in ji Lawali. "Allah ya ba ka tumbin, ya ba ka fuskar."

"Ɗan banza, so kake a jefe ni a kasuwa?"

"Kai kaɗai ne ba sai na koya wa ba."

Na auna maganar yadda nake auna kaya. Na amince, da sharaɗi guda: a mangazata, ɗakin da nake ajiye hatsi, za a nuna shi, da rana, a rufe ƙofa.

Wani hafsan soja ya fara kallo shi kaɗai, ya ce a nuna. Ranar kasuwa muka aro injin wuta, mutane suka cika mangaza, Lawali na tsaye gefen majigi yana yi wa kowa na cikin fim ɗin murya. Da aka zo inda na shaƙe mai gadi a fim ɗin, Iya Hajo, tsohuwar da ke awo a wurina, ta jefi bango da takalmi.

"Allah ya isa, Sani!"

Sai aka buɗe ƙofa, haske ya shigo. Ta duba kusurwa-kusurwa, ba komai sai ƴan buhunan da nake sayarwa a bakin ƙofa.

"To ina ka ɓoye geron?"

"Iya, tona inda kike zaune."

Ta bushe da dariya, ɗaki ya ɗauka.

Washegari Lawali ya bi sauran ƴan hatsi, ya gaishe su da ladabi, ya roƙi aron mangaza, wai tawa ta yi kaɗan. Wasu suka buɗe. Wasu suka ce makulli ya ɓace. Gari ya lura da su wane ne. Kafin kasuwa ta zagayo, gero ya fito. A Mayahi ma, labarin zuwanmu kawai aka ji, ƙofofi suka fara buɗewa. Ban ce mun kori yunwa ba, amma akwai gidajen da suka ɗora tukunya saboda mu.

Da zai dawo yau, na san zai karɓi wayar nan ya jujjuya ta, ya yi murna, sannan ya tambayi samarin wa zai yarda ya zama mugun.

Fim ɗin zafi ya narkar da shi tuntuni. Abin da ya rage, har gobe ba na sa makulli a mangazata da rana, kuma tsofaffin kasuwa suna kirana Ɓarawon Lawali. An sha kirana Alhaji ban waiga ba. Wannan sunan kuwa tun daga nesa nake amsawa. Allah ya jiƙanka, taubashi.