Kunyar Gindin Tsamiya

Diddigensa na fara gani. Muna zaune a bakin gonar mahaifinsa a bayan garin Ajingi, ni da goggona da wasu mata, muna jiran a gama cirar gyaɗa mu shiga kala. Sai na lura da wani saurayi siriri ya tugo tushe ɗaya, ya girgiza shi da gangan har 'ya'yan suka zube, sannan ya sa diddige ya tura ƙasa a kansu. A kunyar da ta bi ta gindin tsamiya ya yi haka, daidai inda nake zaune. Bai dube ni ba. Ya ci gaba da aikinsa yana waƙa ƙasa-ƙasa, yana kaɗa ƙotar fartanya da yatsu.

A wajenmu kala ta mata ce. Idan mai gona ya kwashe gyaɗarsa da harawarsa, abin da ya maƙale a ƙasa ya fita daga hannunsa, duk wadda ta zo da 'yar fartanyarta ta tona, rabonta ne. Ba a hanawa, ba a neman izini. A ranar ƙwaryata ta riga ta kowa cika.

"'Yar nan, wace addu'a kika yi da safe?" in ji Goggo. "Ni tun ɗazu nake tono, ban samu abin da ɓera zai karya da shi ba."

"Sa'a ce, Goggo."

"Sa'a mai dogon wuya da tsohuwar hula. Na gan ta. Tsufa na yi, ban makance ba."

A lokacin ba abin da na sani kamar littattafan soyayya. Wajen wani mai tebur nake karɓo hayarsu ranar kasuwa, in ɓoye a ƙarƙashin tabarma, in karanta har bangonsu ya yi laushi. A cikinsu masoyi da mota yake zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi sallama. Ban taɓa karanta wanda aka binne wa so a ƙasa da diddige ba. Don haka na ɗauka nawa ya fi na kowa, kuma na tabbata ƙarshensa zai zama irin na littafi.

Da kaka ta zagayo ya sake yi. A wannan karon ya tsaya ya yi mini magana.

"Malama mai kala, kin kusa talauta babana."

"Ai ba ni nake girgiza tushen ba."

Ya yi dariya, ya jingina da tsamiyar, ya rera mini wata waƙa da ya ce shi ya ƙirƙira. Sunana ne amshinta. Ya ce zai tafi Kano, akwai masu situdiyo da suka ce ya je a ji muryarsa. Da zai wuce ya nuna ƙasa da baki ya ce, "In na dawo, ki duba kunyar nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa a kunnena alkawarin aure ne, domin a littafi da ƙaramar magana irin wannan ake ɗaure rayuwa. Daga ranar na fara jira.

Waƙar ta riga shi dawowa. Na ji ta a kasuwa, wajen masu tura waƙoƙi a waya, an sa mata kiɗan fiyano, muryarsa ta yi santsi kamar ba ta taɓa shan rana ba. Na tsaya ina jiran amshi. Da ya zo, sunan wata ne. Daga baya na gane yadda sana'ar take: idan za a yi biki, dangin amarya su je wajen mawaƙi, ya ɗauko waƙar da yake da ita, ya cire suna ya sa na amaryarsu. Na ji waƙata da sunan 'yar wani ɗan kasuwa a Gaya, na ji ta da sunan wata ƙawata da aka kai Kademi. Na yi rawa a bikinta ma. Na riƙa gaya wa kaina cewa ɓoye ni yake yi saboda mahassada. Har da aka ce ya yi aure a Kano, na ce a littafi ma akan yi haka kafin babi na ƙarshe.

Manema sun zo. Akwai wani malamin Islamiyya mai haƙuri da ya daɗe yana sallama a ƙofar gidanmu. Mahaifina bai matsa mini ba, sau ɗaya kawai ya ce, "Uwata, wanda kike jira ya san kina jiransa kuwa?" Na sunkuyar da kai. Sannu a hankali sallama ta ragu, har ta ɗauke.

Mawaƙin nawa kuwa sai sama yake yi. Ya koma waƙar 'yan siyasa, aka ba shi mota, aka ba shi kujerar Makka, ya gina gida a Kano. Sai ga labari ya sayi gonakin da ke kewaye da ta mahaifinsa, waɗanda suka miƙe ta gefen hanyar Gaya. Aka zagaye su da shingen waya, aka haƙa rijiyar burtsatse, tarakta ta shiga ta baje iyakoki. An sare ɗorawa, an sare gawo, amma aka bar tsamiyar nan ita kaɗai a tsakiyar fili. Duk wanda ya wuce a mota zai hango ta. Ni na san dalilin da ya sa aka bar ta, ko kuma haka na zata.

Da kaka ta yi na ɗauki ƙwarya da tsohuwar fartanyata, na sa atamfar da nake ajiya. Goggo ta dube ni ta ce, "Kala za ki ko ɗaurin aure?" Amma ta biyo ni da sandarta. Mun tarar da mata cike a bakin ƙofa, maigadi ya tare.

"Ba a kala a nan. Gonar kamfani ce."

"Ɗan nan," in ji Goggo, "tun kakan mai kamfanin yana yawo ba wando nake kala a ƙasar nan."

"Iya, ni dai abin da manaja ya ce ke nan."

Muna nan tsaye rana ta take, sai ga motoci. Ya fito cikin farar shadda, ya yi ƙiba, wuyan nan ya cike. Wasu samari masu kyamara suna biye da shi. Ɗaya ya dubi taron matan ya raɗa masa magana, sai ya ɗaga hannu ya ce a buɗe wa iyayenmu mata. Aka buɗe, aka ce mu shiga a hankali saboda ana ɗauka.

Ban bi kowa ba, na nufi gindin tsamiya. Na tsuguna na fara tono. Na bi kunyar daga wannan kai zuwa wancan, na dawo na sake bi da hannu. Leburori ne suka yi cirar, da yawan buhu ake biyansu, ba su bar ko ɓawo ba. Ina cikin haka inuwa ta rufe ni.

"Sannu da aiki," ya ce. Ya ɗan ƙura mini ido. "Ashe ke ce. Ikon Allah. Kina nan dai?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Ya maigida? Ya yara?"

Na ce lafiya ƙalau.

Ya dafa tsamiyar ya ce, "Kin ga wannan, saura kaɗan a sare ta. Yaran nan ne suka ce tana kyau a hoto." Sannan ya juya ya ce wa manaja a auna wa kowace mace gyaɗa a ƙwaryarta, kada a bar kowa. Aka jera mu, aka ɗauki hoton hannunsa yana zubawa. Tawa ma an cika ta.

A hanyar gida Goggo ba ta tsokane ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai da muka kusa gari ta ce, "Kawo ƙwaryar in riƙe miki." Na ba ta. Daga baya na yi aure, bai daɗe ba na dawo gidanmu. Littattafan suna nan a akwati, gara ta ci rabinsu, ban iya zubarwa ba.

Mawaƙin ma abin bai ɗore masa ba. Wanda yake yi wa waƙa ya faɗi zaɓe, sababbin yara suka fito da sabon kiɗa, masu biki suka koma wajensu. Gonar kuma tana son mai ita a kusa, shi kuwa damina takan same shi a wajen taro. Aka fara sayar da ita gefe-gefe, aka kwance shingen, tarakta ta tafi. Wani ciwon maƙogwaro ya kama shi, muryar ta dishe ba ta dawo ba. Yanzu yana zaune a Gaya a wani gidan haya, abin da ya rage masa gonar mahaifinsa ce kawai.

Kakar bara na gan shi a gonar. Na je kala tare da matan unguwarmu, muka zauna a bakin gona muna jira kamar dā. Shi kaɗai yake cira, ya rame, wuyan ya koma yadda na san shi. Ba ya waƙa. Da ya zo kunyar gindin tsamiya ya tugo tushe, wasu 'ya'ya suka zube. Ya tsuguna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, ya sa yatsu ya sake lalube ƙasar, sannan ya matsa gaba.