Kujerar Mis Odessa

Kafin motar kwashe ƙanƙara ta biyo unguwar, Odessa Pruitt ta riga ta buɗe shagon wankin da take tsaro. Ta kunna injina, ta ɗora kofi, sannan ta ja kujerarta ta roba zuwa gaban tsohuwar kwamfutar da ke lungu. Albashin wanki ake ba ta. Aikin kwamfutar kuwa ba wanda ya sa ta, ba mai biyanta. Saboda shi ne nake so mutanen Toledo su san sunanta kafin ta koma jihar Jojiya wurin 'yarta, tunda gwiwoyi sun ce sun gaji.

Akwai wani shafi a intanet inda mai ƙaramar sana'a ke sa hotonsa da labarinsa, mutane daga ko'ina su yi masa karo-karo, kowa dala ashirin da biyar, rance ba ruwa, ya riƙa biya a hankali. Amma kafin a nuna wa duniya fuskarka, sai wani ya tsaya maka, kuma sai mutum goma sha biyar da suka san ka sun fara zuba nasu. Odessa ce mai tsayawar. Ta tsaya wa mai aski, ta tsaya wa mai kitso, ta tsaya wa wani da ya fito daga kurkuku yana son sayen injin yankan ciyawa. Wanda dai unguwa ba ta manta ba shi ne Tadeus Zielinski, mai gyaran takalma a tsallaken titi.

Keken ɗinkin da ya gada wurin mahaifinsa ne ya mutu murus, mai gini kuma yana jiran ya ji ko zai sabunta haya ko zai tashi. Ba keke, ba shago. Ya shigo wurin Odessa da hula a hannu.

"Mis Odessa, banki sun ce ba su san ni ba. Ni da nake ajiya wurinsu tun ina saurayi."

"Ka taɓa cin bashinsu?"

"Ni? Ko na allura ban taɓa ci ba."

"To ai laifinka ke nan, bawan Allah. Su sai wanda ya saba ci suke ba."

Ta ɗauke shi hoto a bakin aikinsa, ta hana shi sa kwat. Da aka zo maganar mutum goma sha biyar sai tsoho ya ja tunga. Irin mutanenmu ne na nan: gara ya rufe shago a ce ya yi ritaya, da maƙwabci ya ji yana cikin matsi.

"Tun da matata Halina ta rasu, daga ni sai kyanwa," in ji shi. "Kyanwar kuma ba ta da katin banki. Roƙo kuwa, ban iya ba."

Odessa ba ta yi masa wa'azi ba. Washegari ta bar wa abokiyar aikinta injinan, ta ɗauki kujerarta ta tsallaka titi, ta dasa ta a bakin kantarsa. Ta nuna takalman da ke jere a bango ta ce kowannensu yana da ƙafa, kowace ƙafa kuma tana da mai ita. Duk wanda ya shigo karɓar nasa, sai ta gaya masa halin da ake ciki tiryan-tiryan. Tadeus kuwa ya shige ɗakin baya wai neman ƙusa yake, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ana haka Marisol Quintero ta shigo, ma'aikaciyar jinya ce da ƙafarta ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo. Shekara da shekaru shi ke ƙara wa takalminta tudu, ba ya karɓar komai a kan ƙarin. Tana jin labari ta buga hannu a kan kantar.

"Mista Zielinski, fito nan! Keke ya mutu ka yi gum? Wato da sai in zo in tarar da kwaɗo a ƙofa? In yi ɗingishi zuwa asibiti saboda girman kanka?"

Ya fito yana goge ido da rigar aiki, ya ce ƙura ce. Ranar ya gane cewa ashe yana da mutane. Ɗan aiken gidan waya ya sa kuɗinsa, mai wanke gawa na coci ya sa, Marisol ta jawo abokan aikinta na asibiti. Sauran kuma baƙi suka cike, har daga Norway. Shagon yana nan a buɗe, da keke na hannu mai kyau.

Mis Odessa, ke ce kika gane cewa a ƙasar da kuɗi suka yi yawa, bakin tambaya ne ya yi ƙaranci. Ke kika ara wa masu kunya bakinki. Uwar masu nauyin baki, mun gode, kuma za mu yi kewarki ƙwarai. Duk wanda ke da ƙafar tsallaka titi, ya duba shagon da ke kallon nasa.

Makon jiya tana haɗa kayanta ta hango Tadeus ya sungumi kujerar ya yi waje.

"Kai tsoho, ina za ka da kujerata?"

"Tandar Samira mai burodi ce ta mutu," in ji shi. "Wai ita baƙuwa ce, ba ta san kowa ba."

Odessa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana tsallaka titi. Ta goge ido, ita ma ta ce ƙura ce.