Motar da Baba Ya Ce a Kai Maraɗi

Jiya wata tsohuwar mota ta wuce ni tana zubar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen mai. Kowa ya toshe hanci, ni kuwa na tsaya ina shaƙa kamar wata sakarya, don Babanmu ya faɗo mini a rai.

Makanike ne a Tasawa, garejinsa gindin dogon yaro a ƙofar gidanmu. Ba ya fara buɗe gaban mota. Bayanta yake zagayawa ya tsuguna, ya tari hayaƙi da tafin hannu ya sansana, sai ya faɗi ciwonta. Inna takan tsokane shi wai hancinsa ke ciyar da mu, amma tuwonta zai ƙone yana zaune bai ji ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne: mota ba ta taɓa barin hannunsa da cutarta ba.

Wata kaka, ana ɗaurin gero, amininsa mai jigilar 'yan kasuwa zuwa Mayahi ya kawo motar da ya sayo. Tana shan mai kamar rairayi, tana shaƙewa a tudu. Baba ya sansana ya ce mai ya fi iska yawa, kuma gaskiyarsa ne. Ya nemi karbureta ya daidaita, babu ita, sai wayoyi. Ya wanke buji, wato fulogogi, suka sake yin baƙi. Ranar kasuwa ta wuce, wata ma ta wuce, motar tana nan a gareji.

Ina tsakar gida na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa: “Tahi da ita Maraɗi. Ta hi ƙarhina.”

Da aminin ya dawo, ya kawo masa wani ɗan ƙarfe mai jelar waya, bai fi yatsa ba.

“Ga mai laihin. A bututun hayaƙi yake. Shi ka sansana ya hwaɗa ma injin mai nawa za ya sha. Ya mutu, shi ke nan.”

Baba ya daɗe yana juya shi. “Ashe yanzu da hancinsu suke zuwa,” ya ce.

Daga nan ya koma gyaran ƙafafun amalanken jaki.

Yau yaran gareji na'ura suke jonawa, nan take ta faɗi ciwo, ban kuma ga laifinsu ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Mutumin da ya sha dukanmu a kan ƙarya, har ya rasu, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya shige ɗaki ya ce da ni, “Ɗiyata, ki ce ba ni nan.”